Zuwa Ga Masu Shagunan Littattafai: Idan Aka Ce Muku "Wanne Ne Mai Daɗi?"

Ya ku 'yan'uwa masu sayar da littattafan Hausa da masu ba da hayarsu, na Kurmi da na Rimi da na Bata, da na Zariya da Katsina da Gusau da Sakkwato, har da na Maraɗi da Damagaram masu zuwa Kano sari.

Ni malamin makaranta ne, ban taɓa zaman shago ba, amma kwastomanku ne tun ina sa gajeren wando. Abin da ya sa na ɗauki alƙalami wani abu ne da ya faru a gabana wata Asabar da hantsi. Ina tsaye ina duba kanta a wani shago, sai ga wata yarinya 'yar aike, ba za ta haura shekara goma ba, da kuɗi a ƙulle a bakin hijabi. Ta ce, "Wai in ji Antina a ba ta littafi mai daɗi." Yaron shagon ko kai bai ɗago daga wayarsa ba, ya miƙa hannu ya zaro na saman tari ya ce, "Ungo, sabon fitowa ne." Da ta tafi na tambaye shi labarin mene ne a ciki. Ya ce shi bai karanta ba, amma dai yana tafiya.

Har yau abin yana raina. Matar nan tana cikin gida. Ba ta ga kanta ba, ba ta ga bangon littafi ba, balle ta buɗe shafi biyu ta ɗanɗana. Wataƙila kuɗin ma a cefane ta rage su. Amana ce ta aiko da ita gaban mai shago, aka mayar mata da abin da hannu ya fara taɓawa. In ya yi mata daɗi, sa'a ce. In bai yi ba, gobe katin waya za ta saya da kuɗin, ku kuma ku ce mutane sun daina karatu.

A unguwarmu, farkon shekarun 1990, akwai wani dattijo mai hayar littattafai a kan teburi a gindin darbejiya. Jarinsa bai taka kara ya karya ba. Littattafan duk sun sha hannu, wasu an ɗinke su da zare, wasu an liƙe bangonsu da salatif, ga wani dogon littafin rajista da yake rubuta sunan wanda ya ɗauka da ranar dawowa. Amma babu littafin da zai hau teburin nan sai ya kwana a hannunsa, ya karance shi da fitilar ƙwai. Kuma in ka dawo da littafi ba ya karɓa ya ajiye haka nan. Sai ya ce, "Yaya ka gan shi?" In ka ce da daɗi, ya ce, "Daɗi ai ko rake yana da shi. Wane wuri ne ya tsaya maka?"

Lokacin In Da So Da Ƙauna na Ado Ahmad Gidan Dabino yana tashe, layi ake bi kafin ya zo hannunka. Da na mayar masa, na ce ni abin da ya ƙona mini rai shi ne yadda aka fifita mai kuɗi a kan Muhammad don kawai talaka ne, alhali shi Sumayya take so. Dattijon ya yi murmushi, ya sunkuya ya buɗe wani kwali a ƙarƙashin teburi, ya fito da wani ɗan siririn littafi da takardarsa ta yi ja. Ya ce, "To ga kakansa." Jiki Magayi ne, wanda John Tafida da Rupert East suka rubuta tun shekarun 1930, labarin yadda attajiri Malam Shehu ya raba Abubakar da Zainabu, da irin ramuwar da ta biyo baya. A dare ɗaya na cinye shi. Ban taɓa zaton mutanen zamanin kakannina sun san wannan ciwon har sun rubuta shi ba. Daga nan ya ba ni Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, na bi uwar nan da ta ratsa Sahara tana neman ɗanta da aka sace, na yi hawaye a ɓoye don kada ƙannena su gani. Karatun da nake ci da shi a yau a gindin wannan darbejiyar ya kafu, kuma mutumin da ya kafa shi ko firamare bai gama ba.

Wannan ita ce sana'arku, 'yan'uwa. Miƙa littafi da karɓar kuɗi kowa zai iya. Haɗa littafi da mai shi, shi ne aikin gwani.

Ku tuna yadda littafi yake yawo a wurinmu. A shekarun 1990 malaman jami'a da marubuta sun daɗe suna kai ruwa rana a jaridu kan waɗannan littattafai da Ibrahim Malumfashi ya laƙaba wa suna Adabin Kasuwar Kano, wasu na kushewa, wasu na karewa. Muhawara ce mai amfani, na kuma ƙaru da ita. Sai dai masu karatun kansu ba a jarida suke zaɓen littafi ba. A gidan kitso ake zaɓa, da gidan biki, da ɗakin kwanan ɗalibai, da majalisar teloli, inda wata za ta ce wa ƙawarta, "Ke, kin karanta wane? Wallahi jiya tuwona har ya kama." Kuma kafin littafi ya kai gidan kitson, ta hannunku ya bi. Kalma ɗaya daga bakin mai shago ta isa ta tashi littafi, shirunsa kuma ya isa ya binne shi.

Na san abin da za ku ce: littattafai sun yi yawa, kowanne kashi uku ko huɗu, ga ciniki, ga bin bashi, ga iyali, yaushe mutum zai zauna karatu? Gaskiya ne. To amma mai tsire ma yana ɗanɗana yajinsa kafin ya barbaɗa wa mutane. In ba za ka iya karance littafi ba, karanta shafi ashirin na farko, ka leƙa tsakiya, ka duba ƙarshe. Wannan ya isa ka san ko marubucin ya iya jan zare, ko Hausarsa ta nuna, ko labarin na kishi ne ko na gado ko na aljanu. In kana da yara biyu a shago, raba musu, kowa ya kawo maka labari da safe. Sauran aikin kuwa kwastomominka za su yi maka shi kyauta, in dai ka iya tambaya. Duk wanda ya dawo da littafi ko ya zo sayen ci gaba, ka tsayar da shi minti ɗaya. Ka ware 'yan shafuka a bayan littafin rajista, ka riƙa rubuta abin da aka faɗa maka a layi ɗaya: wannan ya sa kuka, wannan ya ja da yawa a kashi na biyu, wannan maza ma suna son sa. Wata shida kacal za ka ga ka tara sanin da babu shi a wani kundin digiri.

Sannan kafin ka miƙa, ka tambaya. Tambaya ɗaya ta wadatar: wanne ka karanta na ƙarshe da ya yi maka daɗi? Ko 'yar aike ce, a ce ta koma ta tambayo, ko a karɓi lambar gidan a yi saƙon murya. Abincin wani gubar wani. Matashin da ya saba da littattafan yaƙi irin na Abdul'aziz Sani Madakin Gini, in ka ɗora masa labarin kishiyoyi ka kore shi. Amma ka gwada shi da Ganɗoki na Bello Kagara, ko Iliya Ɗan Maiƙarfi na Ahmadu Ingawa, ka ga in bai dawo yana tambayar ko akwai saura ba. Wanda ke kwana kan finafinan 'yan daba da harbe-harbe, akwai Ƙarshen Alewa Ƙasa na Bature Gagare tun 1982, mai zafin da har yau 'yan kaɗan ne suka kamo shi. Yaro mai yawan tambaya kan taurari da jiragen 'yan sama jannati, Umaru Dembo ya rubuta masa Tauraruwa Mai Wutsiya tun kafin a haifi ubansa. Akwai kuma magidancin da zai ce maka shi ba ya karanta ƙarya. Kada ka bar shi ya tafi hannu rabbana, nuna masa Kano Ta Dabo Cigari, ko Tafiya Mabuɗin Ilmi na Abubakar Imam.

Wannan ya kawo ni kan abin da ya fi ci mini tuwo a ƙwarya. Kun ware tsofaffin littattafan Zariya kun kira su littattafan makaranta, kun tura su can ƙuryar kanta, ba a kaɗe musu ƙura sai lokacin jarrabawa ya gabato. Ruwan Bagaja fa ba don jarrabawa aka rubuta shi ba. Ya fito ne daga gasar ƙaga labarai ta 1933, wadda aka shirya don a samar wa masu karatun boko abin da za su karanta su ji daɗi. Duk wanda ya bi rikicin Alhaji Imam da Malam Zurƙe ya san littafin dariya ne, irin wadda ke sa mutum ya ajiye littafi ya riƙe ciki. Mu malaman makaranta da laifinmu a nan, mun mai da shi abin hadda da bulala har yara suka tsane shi. Ku ne za ku iya dawo masa da daɗinsa, don ku ba maki kuke bayarwa ba. Da tsohuwar zuma ake magani.

Haka littattafan matan da suka share fage. So Aljannar Duniya na Hafsatu Abdulwaheed ya fito a 1980, amma 'yan mata nawa ne cikin masu zuwa shagonku suka taɓa jin sunansa? Alhaki Kwikwiyo Ne na Balaraba Ramat Yakubu, labarin Rabi da miji ya kora da 'ya'yanta saboda amarya, Aliyu Kamal ya fassara shi zuwa Turanci, aka buga a Indiya a 2012. Mutanen da ba su taɓa taka Kano ba suna karanta shi, ni kuwa na zaga shago huɗu a nan kafin in samu na Hausar. Matar da aka zalunta a gidan aure, ko yarinyar da aka cire daga makaranta, in ta ci karo da littafin Wa Zai Auri Jahila? ba nishaɗi kawai za ta samu ba, za ta ga wata irinta da ta faɗi ta tashi. Ku riƙa ajiye ko kwafi bibbiyu ne. Ba za su yi kwantai ba muddin bakinku yana ambatonsu.

Sai maganar gaskiya, wadda ita ce jarin da ba ya karyewa. In kashi na uku bai fito ba, kuma kun san an shekara ana jira, ku faɗa wa mai saye tun kafin ya biya na ɗaya da na biyu. Ba abin da ke kashe zuciyar mai karatu kamar a rataye shi a tsakiyar labari. In littafi na manya ne, ku ce na manya ne, kada ku sa shi a hannun 'yar shekara goma sha uku don kawai ta zo da kuɗi. A 2007 an tara littattafan Hausa an cinna musu wuta a bainar jama'a a Kano da sunan kare tarbiyyar ɗalibai. Ranar na yi baƙin ciki ƙwarai, domin wuta ba ta karatu, ba ta bambance tsaba da ƙaiƙayi. Mai shagon da ya san kayansa shi ne ya iya wannan tankaɗe da rairaya, kuma in ya yi, ya rufe bakin masu yi wa littattafanmu kuɗin goro. In kuma littafi bai yi ba, ko da na abokinka ne, ba sai ka kushe shi ba. Ka ce, "Wannan ba irin naki ba ne, Hajiya, ga dai wani." Ranar za ka yi asarar cinikin littafi ɗaya, amma ka samu gidan gaba ɗaya, har da maƙwabta.

Waya kuwa kada ku ɗauke ta kishiya. Marubuta da yawa yanzu a WhatsApp suke sakin labari shafi-shafi, a tura kuɗi a karanta. Masu bin su ba su bar karatu ba, wuri suka sauya. Ku tambaye su me suke bi a wayar, ku nemo musu ɗan'uwansa na takarda.

In da hali, ku ajiye benci a bakin shago, da ɗan allo da alli. Duk mako a rubuta sunayen littattafai uku da masu karatu suka yaba, ba waɗanda dillali ya matsa a sayar ba. Ku bar mutane su zauna su yi gardama kan ko Sumayya ta kyauta ko ba ta kyauta ba. Dattijon unguwarmu bencinsa ba ya rabo da mutane daga la'asar zuwa magariba, kuma da wuya wani ya tashi bai ɗauki littafi ba, don ya ji na kusa da shi yana ba da labarin rabinsa ya ƙi faɗin ƙarshe.

Asabar ɗin da ta biyo bayan zuwan 'yar aiken nan na koma wancan shagon da kwafina na Alhaki Kwikwiyo Ne, na ba yaron aro. Ya juya shi gaba da baya, ya ce ai tsoho ne. Na ce ya karanta shafi ashirin kawai, in bai ja shi ba ya ajiye mini. Shekaranjiya na bi ta wurin na hango shi a sunkuye a kansa, wayar tana gefe a kan kanta. Ban tsaya ba. Ranar Asabar in Allah ya kai mu zan je in tambaye shi wane wuri ne ya tsaya masa.

Wassalam.

Naku,
Wani malamin makaranta, Kano.