Daga Bakin Rumfa: Kuɗin ajiya ba jari ba ne



Ranar Asabar da ta wuce, muna rufe rumfa a kasuwar Dantokpa, ɗan ƙanwata da ke taya ni tsaron kaya ya miƙo min waya yana murmushi. "Kawu, duba nan." Na ga an rubuta sefa 80,000 a asusunsa na wani kamfanin caca. Faɗan cacar na yi masa daban, don hukuncinta a addini ba ɓoyayye ba ne. Amma kafin faɗan na tambaye shi: "Kuɗin nan a hannun wa suke yanzu?" Ya ce ai nasa ne. Na ce ban ce na wa ba, cewa na yi a hannun wa. Ya yi shiru. Shi ne na zaunar da shi na ba shi wani labari da ya faru a Amurka, wanda nake so ku ma ku ji.

A shekarar 2004 wasu gwanayen karta suka buɗe kamfanin cacar karta ta intanet mai suna Full Tilt Poker. Mutum zai zuba kuɗi a asusunsa, ya yi wasa da wasu, abin da ya rage yana nan ajiye har ranar da ya ga dama ya cira. Fuskokin kamfanin sanannu ne, irin su Howard Lederer da Chris Ferguson, wanda ya ci babbar gasar karta ta duniya a 2000. Mutane sun saki jiki saboda waɗannan sunaye, kuma kamfanin yana ta shaida musu cewa kuɗinsu na nan a killace, ba a haɗa su da na harkar yau da kullum.

A 2006 Amurka ta yi dokar da ta hana bankuna shigar da kuɗin haramtacciyar caca ta intanet. Maimakon su tattara su bar ƙasar, wasu kamfanonin sai suka koma ɓad-da-kama, ana nuna wa banki kamar kuɗin sarƙa ne ko na ƙwallon golf. Ranar Juma'a 15 ga Afrilu 2011 masu gabatar da ƙara a New York suka tuhumi mutum 11, aka ƙwace adireshin intanet na PokerStars da Full Tilt da Absolute Poker. Nan take kowa ya ruga neman kuɗinsa. To, ranar wanka ba a ɓoye cibi.

PokerStars ya biya mutanensa na Amurka cikin 'yan makonni, don kuɗin ajiyar suna nan. Full Tilt kuwa sai kame-kame. Takardar ƙarar da gwamnati ta shigar a watan Satumba na shekarar ta ce a ƙarshen Maris ana bin kamfanin kimanin dala miliyan 390, amma abin da ke bankunansa bai wuce miliyan 60 ba. Ina sauran? Takardar ta ce daga 2007 zuwa 2011 an raba wa masu kamfanin sama da dala miliyan 440 da sunan riba. Akwai kuma wajen miliyan 130 da aka rubuta wa mutane a asusu alhali kamfanin bai iya karɓo su daga bankunansu ba. Wato ana caca da lambobin da babu ko sisi a bayansu. Hukumar tsibirin Alderney da ta ba su lasisi ba ta dakatar da shi ba sai ƙarshen Yuni, bayan aikin gama ya gama.

Yanzu ga inda nake so mu tsaya: wa ya biya?

A watan Yuli 2012 PokerStars, abokin hamayyarsu, ya sasanta da gwamnatin Amurka ya karɓe Full Tilt. Ya amince zai ba gwamnati dala miliyan 547, ya kuma biya 'yan wasan da ke wajen Amurka miliyan 184. Na cikin Amurka sai a 2014 suka fara ganin kuɗinsu, na Absolute Poker kuma sai 2017. Ka duba, shekara uku, wasu shida, mutum yana jiran abin da yake nasa.

Waɗanda suka ci fa? Shugaban kamfanin, Ray Bitar, ya amsa laifi a 2013, ya sallama dukiya mai yawa, amma ba a yanke masa ƙarin zaman kurkuku ba saboda ciwon zuciya mai tsanani. Lederer da Ferguson ba a tuhume su da babban laifi ba. Ƙarar dukiya ce, suka sasanta, suka ba da wani abu, ba tare da sun amsa laifi ba. Lederer ya daɗe yana cewa ba shi ke tafiyar da ofis ba, sai 2016 ya fito ya nemi afuwa. Ferguson ya koma teburin gasa, har ya zama gwarzon shekara a 2017, sannan a 2018 ya fitar da bidiyon ban-haƙuri da bai kai minti ɗaya ba.

A ganina, "ban sani ba" ba ta wanke wanda rabonsa ke shiga aljihu duk wata. In da sunanka aka jawo mutane, kuma kana karɓar riba, wajibinka ne ka tambayi daga ina take fitowa. Kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski.

Kada wani ya ce ai wannan matsalar 'yan caca ce. Mu fatake rayuwarmu kacokan a kan ajiya take: wajen maigida a zango, wajen ɗan canji, wajen uwar adashi, yanzu kuma a asusun waya. Ni kaina na taɓa faɗawa. Wani abokin ciniki daga Maraɗi ya bar min kuɗi ya ce sai bayan Sallah zai zo. Kayana suka maƙale a tashar jirgin ruwa, na ce bari in ara na mako biyu. Kwana biyar sai ga shi, mahaifiyarsa ba lafiya. Daren nan da na yi ina bin ƙofofin mutane neman rance ba zan manta shi ba. Ban yi niyyar cin amana ba, amma da ban samu rancen ba, wa zai tambayi niyyata? Tun daga ranar, kuɗin ajiya jakarsu daban, littafinsu daban.

Saboda haka in kai ke ajiyewa, ka rubuta, ka sa shaida, kuma lokaci-lokaci ka nemi a ba ka wani kaso mai kauri ba tare da sanarwa ba, ka ga yadda fuska za ta yi. Kada ka tara duk abin da ka mallaka a hannu ɗaya, komai girman sunan mai hannun. In kuma kai ake ba wa, ka sani ranar da ka zuba kuɗin wani a kayanka ka zama mai cin bashi ba da sanin mai shi ba. Iyaye mata, ku ma ku riƙa leƙa wayoyin yaran nan.

Ɗan ƙanwata dai na sa shi ya nemi kuɗinsa duka ya rufe asusun. Ranar Litinin aka turo masa sefa 30,000, aka ce saura ana tantancewa. Yau Alhamis, har yanzu ana tantancewa.

Allah Ya ba mu ikon riƙon amana, Ya sa wa kasuwa albarka. Sai mako mai zuwa in Allah Ya kai mu.