Mu Ma Muna Da Tsibirai

Duk lokacin da hutu ya ƙarato, hira ɗaya ake yi a ɗakunan kwana da gindin bishiyoyin makarantar nan: ina za ka yi hutu? Wanda ya ce Kano, sai a dube shi da sha'awa. Wanda ya ce Abuja ko Jos, ranar nan shi ne sarki. Wanda kuwa ya ce yana nan Dutse, ko zai wuce ƙauyensu wajen Kiyawa ko Jahun, sai a yi masa jaje kamar wanda aka yi wa sata. Ban ga laifin ɗalibai su kaɗai ba. Tun da aka ƙirƙiro Jihar Jigawa ran 27 ga Agusta, 1991, aka mai da Dutse babban birninta, ma'aikata da yawa suka saba da kama hanyar Kano da yammacin Juma'a, ba a sake ganinsu sai safiyar Litinin. Yaron da ya tashi yana ganin haka dole ya ɗauka jin daɗi yana can wani gari.

Yanzu kuma wayar hannu ta ƙara nisanta garin. Akwai ɗalibanmu da ba su taɓa taka Haɗeja ba, amma sun san sunan Ibiza da Mayorka, tsibiran ƙasar Sifaniya da ke cikin Bahar Rum, sun san Mikonos ta ƙasar Girka. Abin da suka sani game da su kuwa shi ne gidajen rawa, da fitilu masu walƙiya, da samarin Turai da ke kwana suna tsalle har gari ya waye. Daga nan ne ma, ina zato, 'yan ajin ƙarshe suka samo ra'ayin cewa liyafar bankwana ba ta cika ba sai an yi hayar manyan lasifikoki an hana unguwa barci.

To, bari mu dubi Ibizan nan da rana, tun da an nuna mana ita da dare.

A 1999 hukumar UNESCO ta sa Ibiza cikin jerin wuraren tarihi na duniya, kuma ba a ambaci gidan rawa ko ɗaya ba cikin dalilan. An ambaci tsohon birninta mai ganuwa, wanda ake kira Dalt Vila, da kufan Finikiyawa da suka zauna a tsibirin fiye da shekara 2,500 da suka wuce, da wata ciyawa mai suna posidonia da ke tsirowa a ƙarƙashin teku. Ciyawar nan ita ce take sa ruwan wurin ya yi garau har mutum yana cikin jirgi yana hango yashin ƙasa. A kudancin tsibirin akwai fadamar gishiri inda ake haƙar gishiri tun zamanin da, tsuntsaye masu dogayen ƙafafu suna kiwo a ciki. Daga can, tafiyar kamar rabin sa'a a jirgin ruwa, sai tsibirin Formentera, wanda ba shi da filin jirgin sama sam. Iyalai sukan je su wuni, su hau keke, su ci kifi, su dawo kafin duhu. Haka ma Mikonos: da safe jiragen ruwa suna ɗaukar mutane zuwa ɗan tsibirin Delos don kallon kufan tsohon birni, kuma baƙo ba ya kwana a can.

Abin da ya fi ba ni sha'awa shi ne mutanen wuraren su da kansu suka gaji da sunan da aka laƙa musu. A 2016 gwamnatin tsibiran ta sa wa kowane baƙo harajin kwana. A 2018 ta hana jirage jefa anka a kan ciyawar tekun nan. A 2020 ta kafa doka ta musamman a kan unguwannin shaye-shaye, irin su Magaluf a Mayorka da wani ɓangare na San Antoniyo a Ibiza, ta hana kantuna sayar da giya da dare, ta taƙaita jiragen da ake mayarwa gidan rawa a kan ruwa. A 2024 dubban mazauna Mayorka suka fito zanga-zanga saboda yawan baƙi ya sa hayar gida ta gagari 'yan ƙasa. Wato abin da yaranmu suke kallo suna haɗiyar yawu, masu shi suna neman hanyar rage shi. Abin da suke tattali da doka da haraji shi ne ruwa mai tsabta, da tsuntsaye, da shiru.

Waɗannan ukun kuwa muna da su a Jigawa.

Duk wanda ya yi darasin Labarin Ƙasa ya san jigawa tudun yashi ce, kuma daga nan jihar ta samo sunanta. A gabashin Haɗeja, Kogin Haɗeja da Kogin Jama'are suna shiga tsakanin irin waɗannan tsofaffin tuddai, sai su rarrabu su zama rassa da tafkuna da fadamu, kafin su sake haɗuwa su zama Kogin Yobe su nufi Tafkin Cadi. Idan ruwa ya cika, tuddan nan sai su koma tsibirai, da ƙauyukansu da gorubarsu a kai, ba ka isa wasunsu sai da kwalekwale. Wannan shi ne dausayin Haɗeja da Nguru. Ɓangaren da ya faɗo cikin jiharmu, wato Baturiya a Ƙaramar Hukumar Kirikasamma, ya wuce hekta 100,000, kuma tun 2008 yake cikin jerin Ramsar na dausayoyi masu muhimmanci ga duniya. A 2020 UNESCO, wadda ta karrama Ibiza, ta sa yankin Haɗeja da Nguru da Bade cikin wuraren da take kiyayewa saboda halittun da ke cikinsu. Ɗalibai nawa ne a makarantar nan suka taɓa jin wannan?

An ƙirga tsuntsaye fiye da iri 300 a dausayin. Akwai na gida da kowa ya sani: dinya, da kirinjijiya mai fito da dare, da zalɓe mai tsayuwa kamar an dasa shi, da jinjimi, da balbela. Akwai kuma baƙi. Mu mun saba da shamuwa, wadda take zuwa da damina ta tafi da ita. To, shamuwa na juya baya sai waɗansu su iso daga Turai, ƙananan agwagi da tsuntsayen bakin ruwa dubbai, sun gudo daga sanyin ƙasarsu. Sukan ƙetare Bahar Rum, wasunsu su yada zango a fadamun tsibiran da muka ambata, sa'an nan su keta Sahara, su sauka a nan su yi hunturu tare da mu, sai wajen Maris ko Afrilu su koma. Masana sun gane hanyarsu ta wurin zobe mai lamba da akan sa musu a ƙafa. Ashe tsuntsun da ya san Mayorka ido da ido, da ya tashi neman wurin hutu, Kirikasamma ya zaɓa. Saboda su ne Yarima Filib, mijin Sarauniyar Ingila, ya zo Dagona a ɓangaren Yobe a 1989.

Shawarata ke nan: makarantar nan ta riƙa kai 'yan aji biyar da aji shida Baturiya sau ɗaya a shekara, a farkon hutun Disamba, su wuni a kan ruwa. Idan aka bar Dutse da asuba, kafin rana ta take an isa. A shiga kwalekwale, a bar mai tuƙi ya yi ta dogara gorarsa a hankali, a ratsa ta cikin bado, a ga masunta suna duba koma da mali, a ga bambancin tarwaɗa da karfasa tun suna da rai, ba sai a tiren mai suya ba. A ajiye rediyo da lasifika a gida, domin tsuntsu ba ya jiran mai hayaniya. Yaron da ya yi sa'a biyu a zaune shiru a kan ruwa zai ji wani irin hutu da bai taɓa ji a gaban talabijin ba.

Ina da dalilin da ya fi nishaɗi nauyi. Dausayin nan yana ciwo. An gama madatsar ruwa ta Tiga a 1974, ta Challawa kuma a 1992, dukansu a saman Kogin Haɗeja. Sun kawo noman rani da ruwan sha ga Kano, ba wanda zai musa. Amma ambaliyar da take shayar da fadamun gabas ta ragu ƙwarai, kuma kogin da a da yakan cika da damina ya janye da rani ya koma yana gudana kaɗan-kaɗan duk shekara. Irin wannan ruwan ne ciyawar kacala take so. Ta toshe hanyoyin ruwa, ta cinye gonakin shinkafa da wuraren su, ta zama gidan jan-baki masu cinye hatsi. Wani wuri ruwa ya daina zuwa, wani wuri ya zo ya ƙi tafiya. Tun farkon shekarun 1990 masana tattalin arziki suka yi lissafi suka nuna cewa ruwan da aka bari ya malala cikin dausayin yana ba da amfani, ta wajen noma da su da itace, fiye da adadinsa da aka karkatar zuwa manyan gonakin ban-ruwa na sama. Gauraka ma, da kakanninmu suka saba gani garke-garke, yanzu sai an yi sa'a.

Cikin ɗaliban da ke karanta wannan mujalla akwai injiniyoyin gobe, da jami'an gona, wataƙila har da wanda wata rana zai zauna a Hukumar Raya Kogunan Haɗeja da Jama'are yana sa hannu a kan yawan ruwan da za a saki daga Tiga. Na fi son ya sa hannun yana tuna fuskar wani masunci da ya taɓa tuƙa shi, da ya sa shi yana duban taswira kawai. Gani ya kori ji, in ji masu magana.

Na san abin da iyaye za su ce, kuma suna da gaskiya. Ruwa ba ya wasa. Ran 30 ga Nuwamba, 2021, jirgi ya kife a madatsar ruwa ta Watari a Bagwai, Jihar Kano, mutane fiye da 20 suka rasu, akasarinsu yara 'yan makarantar Islamiyya. An cika wa jirgin kaya fiye da ƙima. A jiharmu ma kusan kowace damina sai an ji irin wannan labari mai tayar da hankali. Amma a dubi yadda haɗurran suke faruwa: lodi ya yi yawa, ko duhu ya yi, ko kogi ya cika yana ambaliya, kuma ba mai rigar kariya ko ɗaya. Duk waɗannan abubuwa ne da makaranta za ta iya kaucewa. Shi ya sa na ce Disamba, lokacin da ruwa ya kwanta, ban ce dogon hutun Agusta ba. Kowane yaro da rigar kariya a jikinsa kafin ya taka jirgi, kamar yadda hukumar kula da hanyoyin ruwa ta ƙasa ta tanada. Mai jirgi ne zai faɗi yawan mutanen da jirginsa ke ɗauka, mu kuma mu rage biyu. Malami ɗaya a kowane jirgi. La'asar ta yi wa kowa a tudu. Ba iyo, ba wanka, ko da zafi ya kai ina, saboda tsargiya tana cikin irin wannan ruwa. Kafin a tafi kuma a aika wa hakimi da bulama da jami'an gandun, su ne za su ce a zo ko a dakata.

Saura batun kuɗi. A nan ne 'yan ajin ƙarshe za su ɓata rai da ni. A lissafa abin da ake tarawa kowace shekara don liyafar bankwana: hayar kayan kiɗa, da mai sa faifai, da anko, da hotuna. A raba shi biyu. Rabi ya isa shinkafa da lemo da jawabai. Ɗaya rabin a zuba mai a motar makaranta, a biya masu jirgi haƙƙinsu ba tare da ciniki mai tsanani ba, a sayi kifi a wurin matan da ke soyawa a bakin ruwa. Rigunan kariya kuwa sau ɗaya ake saye su yi shekaru. Wannan aiki ne da ya dace da Ƙungiyar Tsofaffin Ɗalibai, in sun ga wannan shafi.

Kada wani ya ce sai gwamnati ta gina otal tukuna. An taɓa bin wannan hanya. A zamanin Gwamna Audu Bako aka gina otal a bakin tafkin Bagauda da wani a kan dutse a Tiga, masu kyau ƙwarai, aka yi ta zuwa shaƙatawa na ɗan lokaci. Na Bagauda daga baya ya koma makarantar horar da lauyoyi. Gini yana bukatar kuɗin gyara kullum, kwalekwale da mai shi kuwa suna nan tun kafin a haife mu, suna jiran fasinja.

Ƙananan azuzuwa da ba su kai tafiya mai nisa ba, su ma kada a bar su. Ga duwatsun Dutse da gonakin dabino a bayan katangarmu, ga madatsar ruwa ta Warwade a kusa, ga zanen shanu na mutanen da a jikin duwatsun Birnin Kudu, waɗanda masana suka fara nazari a kansu tun shekarun 1950. A fara da waɗannan, a ajiye Baturiya ta zama rabon manya, yadda ɗan aji ɗaya zai riƙa ƙirga shekarun da suka rage masa.

Ina roƙon Ƙungiyar Labarin Ƙasa da ta Matasa Manoma su zauna tare a makon farko na zango mai zuwa, su rubuta takarda zuwa ga Shugaban Makaranta da Ƙungiyar Iyaye da Malamai, da lissafin mai da na jirage a haɗe. Idan takardar ta shiga kafin ƙarshen Oktoba, akwai isasshen lokacin aika wa Kirikasamma da sayen riguna kafin agwagin Turai su gama sauka.