Kuɗin Aro A Banki Ba Guzuri Ba Ne

Jama'a, duk mazaunin Gyaɗi-Gyaɗi da Tarauni ya san yadda maganar fita waje ta zama ruwan dare, musamman tsakanin ɗalibai da ma'aikatan jinya. Ba abin mamaki ba ne, tun da Asibitin Koyarwa na Aminu Kano yana nan a bakin titin Zariya, kuma Ingila ta daɗe tana ɗibar ma'aikatan lafiya daga Nijeriya. Neman na kai ba laifi ba ne. Abin da ke damunmu shi ne wata dabara da ta shigo, wato cika asusun banki da kuɗin aro domin a sami biza.

Ga yadda abin yake. Ƙasashen Turai ba sa ba baƙo izinin dogon zama sai ya nuna yana da abin riƙe kansa. A dokar Ingila ta watan Janairun 2025, ɗalibin da zai yi karatu a wajen birnin Landan sai ya nuna fam 1,136 na kowane wata har wata 9, wato fam 10,224, ban da kuɗin makaranta na shekarar farko. Kuma dole kuɗin su kwana 28 a jere cikin asusun ba su ragu ba. A canjin lokacin, wannan ya kusa Naira miliyan 20. Mai ɗaukar mafi ƙarancin albashi na Naira 70,000 da aka kafa a 2024 sai ya shekara fiye da 20 yana tarawa bai ci ko kwabo ba.

To, a nan ne dillalai suka sami kasuwa. Su zuba wa mutum kuɗi a asusu, a buga takardar banki, a kai ofishin biza, sannan su kwashe abinsu tare da ladan da suka yanka. Mai tafiya ya sauka a ƙasar mutane da takarda mai kyau da aljihu wayam.

Muna cewa wannan hanya ba ta ɓullewa, saboda dalilai uku.

Na farko, ƙarya ce. Mutum ya sa hannu cewa kuɗin na hidimarsa ne, alhali ya san gobe za a janye su. In jami'an Ingila suka gano yaudara cikin takardu, suna iya hana mutum shiga ƙasar har shekara 10.

Na biyu, adadin nan ba don ado aka sa shi ba, kimanin abin da haya da abinci da mota za su ci ne. Masu cewa "in na isa zan yi aiki in biya" su sani ɗalibin jami'a ba a yarda ya wuce awa 20 yana aiki a mako ba lokacin karatu.

Na uku, ko masu kuɗin gaskiya ma sun ji jiki. Bayan da aka saki Naira a watan Yunin 2023, dala ta tashi daga wajen Naira 460 ta haura 1,500 a farkon 2024. A watan Mayun 2024 aka ji labarin ɗaliban Nijeriya a Jami'ar Teesside da aka dakatar da karatunsu, aka ce su bar Ingila, domin kuɗin makaranta ya gagare su. In wuta ta kama ɗanye, ina ga busasshe?

Wani zai ce, ashe ɗan talaka ba zai fita ba ke nan? Tambaya ce mai nauyi, domin gaskiya dokokin nan sun fi sauƙi ga mai hali. Amma akwai ƙofofin da ba sa bukatar ƙarya. Akwai tallafin karatu irin su Chevening da Commonwealth na Ingila da DAAD na Jamus. Ma'aikacin jinya kuma da asibiti ya ɗauka aiki, in asibitin ya tsaya masa a rubuce, ba sai ya nuna kuɗin banki ba. Hanyoyin suna da jira da wahala, amma mutum zai kwana da kwanciyar rai.

Iyaye da dattawan ikilisiya, ku ma da naku. Kafin a sayar da fili ko a kwashe adashen zumuntar mata, a zauna a yi lissafin shekara guda cur, kamar yadda Luka sura 14 ta koyar game da mai niyyar gini. Kuma kafin mu yi guɗa a sujadar godiya don biza ta fito, mu tambayi yaranmu ta wace hanya ta fito.

Allah ya ba mu haƙurin bin gaskiya, amin.