Daga Ƙofar Doka Zuwa Sararin Samaniya

Wanda ya tsaya a Ƙofar Doka da hantsi yakan hangi ƙananan jiragen Kwalejin Koyon Tuƙin Jirgin Sama suna shawagi. Tun 1964 kwalejin nan take Zariya. Duk da haka, in ɗalibi ya ce yana so ya zama injiniyan tauraron ɗan Adam, sai 'yan ajinsu su bushe da dariya. Mu malamanku muna ganin dariyar nan kuskure ce.

A shekarar 1999 Gwamnatin Tarayya ta kafa hukumar binciken sararin samaniya, wato NASRDA, mai hedkwata a Abuja. A 2003 aka harba NigeriaSat-1 daga Rasha. A 2011 kuma aka harba NigeriaSat-X, wanda injiniyoyin Nijeriya suka haɗa da hannunsu bayan sun sami horo a Ingila. Su ma sun taɓa zama a benci irin naku.

Amma 'yan makaranta, ku kasa kunne. Guraben aikin kaɗan ne, masu nema kuwa da yawa, kuma ba a fafe gora ranar tafiya. Yaron da ya guje wa Lissafi da Fiziks a aji huɗu saboda tsoro, ya rufe wa kansa ƙofar Tsangayar Injiniya ta Jami'ar Ahmadu Bello, balle ta hukumar.

Iyaye, ku ƙarfafa su, maza da mata. Ko hukumar ba ta ɗauke su ba, injiniyan lantarki ko na kanikanci ba ya rasa abin yi a ƙasar nan.