Daga Bande zuwa Zariya ko Bamako: ina matashi zai koyi zanen kwamfuta?

Tun da kundin sake gina ƙasa, wanda aka ƙaddamar ranar 26 ga Maris 2025, ya ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa a Nijar, ya mayar da Faransanci da Ingilishi harsunan aiki, wata tambaya ta taso wadda ba a cika tattaunawa a kanta ba: wa zai tsara allunan ma'aikatu, littattafan lakwal da takardun faɗakarwa da za a buga da Hausa? Wannan aikin masu zanen kwamfuta ne, sana'ar da ake kira infographie da Faransanci. A wuri irin Bande, komin da ke kan hanyar Damagaram zuwa Magariya, tambayar ta shafi aljihu kai tsaye.

Yankin Magariya da Dungas yankin noma ne da kasuwanci. Matan da ke sarrafa gyaɗa da riɗi suna buƙatar tambari da takardar manna wa kwalba kafin kayansu su shiga kantunan Damagaram ko Yamai. Asibitoci na buƙatar hotunan faɗakarwa da wanda bai yi boko ba zai gane. Ga katin aure, ga kalanda, ga allon shago. Da yawa daga irin waɗannan ayyuka a Damagaram ake kai su, wasu kuma a ƙetara iyaka zuwa maɗaba'un Kano. Kuɗin da ya kamata ya tsaya a yankin, can yake ƙarewa.

A duniya, makarantun da suka yi suna a fannin sanannu ne. Royal College of Art ta Landan, da aka kafa a 1837, ta shafe shekaru tana kan gaba a jerin QS na makarantun fasaha. Akwai Rhode Island School of Design da Parsons a Amurka, akwai Estienne da Gobelins a birnin Paris. Sai dai ga ɗan manomi da ya ci BAC a wannan yanki, waɗannan sun yi nisa. Kuɗin karatu a Ingila da Amurka ya fi ƙarfin iyalai, ofishin jakadancin Faransa a Yamai kuma a rufe yake tun Janairun 2024, abin da ya sa neman biza ya ƙara wuya.

Makarantar da ta fi kusa, ta kuma fi tarihi, tana Zariya. Tun kafin a kafa Jami'ar Ahmadu Bello a 1962 ake koyar da zane a can, kuma a 1958 ne ɗalibai irin su Uche Okeke, Demas Nwoko, Yusuf Grillo da Bruce Onobrakpeya suka kafa ƙungiyar da ta dage sai an haɗa dabarun Turai da fasahar gida. Yau jami'ar tana da sashen da ke koyar da tsara zanen bugu, tare da zanen yadi da aikin yumɓu. Ɗan Bande ba zai yi baƙunta a Zariya ba, domin harshen kasuwa da na masallaci ɗaya ne da na gida. Faɗuwar naira tun tsakiyar 2023 ma ta sa mai riƙe da sefa ya sami sauƙi.

Amma akwai shinge biyu. Na farko, da Ingilishi ake karatun, kuma sai an daidaita takardar BAC da tsarin shiga jami'o'in Najeriya. Na biyu siyasa ce. An rufe iyaka bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023, ba a buɗe ta ba sai Maris 2024, sannan Nijar ta fice daga CEDEAO a Janairun 2025. Uban da zai biya karatun shekara huɗu dole ya tambayi kansa ko hanyar za ta zauna a buɗe.

Ga wanda ya fi son ci gaba da Faransanci, akwai INSAAC a Abijan, akwai makarantar fasaha ta ƙasa a Dakar, sai kuma makarantar Balla Fasseke Kouyate ta Bamako, wadda ke haɗa zane da aikin kwamfuta da bidiyo. Ta Bamako ce ta fi dacewa da yanayin yau, tunda Mali da Nijar da Burkina Faso suna ƙawancen AES tun Satumban 2023. Idan ana son ƙawancen ya taɓa rayuwar matasa, hukumar ANAB mai ba da tallafin karatu tana iya ware gurabe a wannan fanni.

A cikin gida, makarantar Yamai da a da ake kira IFTIC ta yi suna ne wajen horar da ƴan jarida da ma'aikatan rediyo da talabijin. Masu zanen da ke aiki a garuruwa kuwa, da yawansu a hannun maigida suka koya, ko a waya, da Photoshop, CorelDraw ko Canva. Wannan hanya tana ciyar da mutum, amma tana barin giɓi. Ana iya ganin giɓin a allunan da ke rubuta "kasa" a inda ake nufin "ƙasa", ko "bata" a maimakon "ɓata". Ƙa'idar rubutun Hausa ta Nijar ta 1999 ta tanadi ɓ, ɗ, ƙ da ƴ, kuma akwai nau'o'in haruffa na kyauta, irin su Noto da Andika, masu ɗauke da su. Abin da ya rage shi ne malamin da zai koyar.

Nan ne hukumomi ke da abin yi ba tare da jiran babbar makaranta ba. Jami'ar André Salifou ta Damagaram tana iya horar da malamai, cibiyoyin koyon sana'a na komin-komin su karɓi darasin, asusun FAFPA ya tallafa wa masu koyo a maɗaba'u. Kwamfuta kaɗan, na'urar bugu da wutar rana sun isa a fara.

Shawara ga iyaye kuwa ita ce, kafin a sayar da sa ko a jinginar da gona, a bincika ko gwamnati ta amince da takardar makarantar, a kuma nemi ganin aikin tsofaffin ɗalibanta. A wannan sana'a, mai ba da aiki yakan fara duba abin da hannun mutum ya zana kafin ya tambayi inda ya yi karatu.