Asusun Horar da Ma'aikatan Masana'antu

Asusun Horar da Ma'aikatan Masana'antu, wanda aka fi sani da ITF, hukuma ce ta gwamnatin tarayyar Najeriya da aka kafa a shekarar 1971, zamanin mulkin Janar Yakubu Gowon. Hedikwatarta tana Jos.

An kafa ta ne a daidai lokacin da gwamnati ke shirin mayar da kamfanonin baƙi hannun 'yan ƙasa, manufar da ta zama doka a 1972. Doka tana iya sauya masu hannun jari, amma ba ta koya wa kowa gyaran inji. Wannan giɓin aka ɗora wa hukumar ta cike. A yau kamfanonin da dokarta ta shafa suna biyan kashi ɗaya cikin ɗari na albashin da suke biya a shekara, kuma tun shekarun 1970 shirinta na SIWES yake tura ɗalibai koyon aiki a ma'aikatu.

Sai dai horo shi kaɗai ba ya riƙe masana'anta. Da manyan masaƙun Kaduna suka rufe a shekarun 2000, saboda ƙarancin wuta da kwararowar atamfa mai arha daga waje, ƙwararrun masaƙa ne suka rasa aiki.