Ina Za Mu Ci Fanshonmu?

Baturen Ingila kafin ya bar aiki yakan auna ƙasar da fanshonsa zai fi auki. In ya zauna Sifen ko Amurka, gwamnatinsa na yi masa ƙari kowace shekara. In kuwa Nijeriya ko Kanada ya zaɓa, babu ƙarin ko sisi har ya mutu.

Mu fa, 'yan'uwa? Tun da aka janye tallafin fetur a 2023, haya da cefane sun gama da tsohon ma'aikaci a Kano. A ganina gara ya koma Kanya Babba, ga rumbun gero, ga gidan gado. Sai dai mu matsa wa hukuma kan asibitocin karkara, domin kuɗin motar kai majinyaci Kazaure kaɗai ya isa ya cinye ribar.